Asimtot Ɗin da Na Koyar Ba Daidai Ba

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Sandamu kafin na koma ɗalibi. A garinmu idan aka ce Malam Mahdi, sai an ƙara da "na lissafi", don akwai wani Mahdin mai facin taya a bakin titi. Ban taɓa ƙin wannan ƙarin ba. Gaskiya ma idan mutum ya manta bai ƙara ba, nakan ji kamar ya rage mini wani abu.

Abin da ya mai da ni aji shi ne maganar ƙarin girma. An ce mai takardar kwalejin ilimi kaɗai ya kai inda zai tsaya, sai da digiri. Na ga yaran da na koya wa jimla da ɗebewa suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, sai na yanki fom ɗin karatun ƙarshen mako a Daura, ina da shekara arba'in da shida. Ranar da zan fara zuwa, matata Hadijatu ta goge mini kaya, ta miƙo mini jaka, ta ce, "Baban Rauda, in an yi tambaya ka riƙa bari yaran mutane su ma su amsa." Na ce mata ba zan yi alkawari ba.

Darasin da ya fi tayar wa ajinmu hankali shi ne kalkulas. Mai koyar da mu, Dakta Yazid, saurayi ne siriri, ba zai wuce sa'an ƙanena ba. Yana rubutu da dama yana gogewa da hagu. Kafin ka kwafi layi na biyu ya share na farko. Ni dai kullum ina kujerar gaba, ina gyaɗa kai. Duk wanda ya hango ni daga baya zai rantse na riga Dakta sanin abin da zai faɗa. A raina kuwa, rabin abin yana shiga, rabi yana wucewa ta taga. Amma yaya za a yi Malam Mahdi na lissafi ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba?

Ranar da aka koyar da asimtot na tsaye, lokacin bazara ne, ana zafi kamar a cire riga. Na sha fura mai sanyi kofi biyu kafin na shiga aji. Dakta ya rubuta 1/(x − 2) a allo, ya ce mu lura: idan x ya matso kusa da biyu, na ƙasa yana ƙanƙancewa, amsar kuma tana kumbura ba iyaka. Ya zana layi a tsaye a kan biyu, ya nuna yadda zanen lissafin ke harbawa sama ta gefe ɗaya, ya nutse ƙasa ta ɗaya gefen, yana ta matsowa kusa da layin amma ba ya taɓa shi. Ya ce wannan layin shi ne asimtot na tsaye. Na ce a raina, ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Ka mai da na ƙasa sifili, ka samu amsa. Na rubuta haka a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Daga nan furar ta fara aikinta. Na tuna dai na ji Dakta yana cewa "amma fa ku yi hattara", sai kuma na ji ana jan kujeru, an tashi.

Da jarrabawa ta rage mako biyu, 'yan ajinmu suka ce a haɗa karatun bita. Ba a ma yi shawara kan wanda zai riƙe alli ba. Ikrima, wani saurayi ɗan Mai'adua da ke zama kusa da ni, ya ce, "Muna da Malam Mahdi a aji, me za mu je nema?" Na yi ɗan kawaici irin na wanda yake so, na ce ai duk ɗalibai muke. Kafin su sake roƙo na riga na tambayi inda za mu riƙa haɗuwa.

Muka sami aji a wata firamare da ke kusa da rijiyar Kusugu, muna haɗuwa bayan la'asar. Mu goma sha ɗaya ne, galibi malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Ranar da na zo kan asimtot, na ji ni a gida. Na naɗe hannun riga, na ce musu, "Dakta ya tsawaita abin ne kawai. Ƙa'ida ɗaya ce. Duk inda na ƙasa ya zama sifili, nan asimtot yake. Kada ma ku ɓata lokaci kuna kallon na sama." Har na sa su maimaita da baki, kamar 'yan aji ɗaya. Manyan mutane, wasu da furfura, suna ta rerawa: "Na ƙasa ya zama sifili, asimtot ya samu." Na ba su misali shida, duk muka yi su a kan wannan ƙa'idar. Wani ya ce da ni ne nake koyar da darasin tun farko da ba a sha wahala ba. Na ce ya daina faɗin haka, amma a hankali na faɗa, yadda zai iya maimaitawa.

Mutum ɗaya ce ba ta zo ranar ba, Adawiyya. Tsohuwar ɗalibata ce, na koyar da ita a aji biyu shekaru da yawa da suka wuce. Yanzu malama ce a wata makarantar 'yan mata a cikin Daura, da 'ya'yanta uku. Ɗanta ne ba shi da lafiya a makon, shi ya sa ba ta samu zuwa ba. Sai ranar Asabar, zaman ƙarshe kafin jarrabawar Litinin, ta zo ta zauna a baya, ta ari littafin wata tana duba abin da ya wuce ta.

Da muka tashi kowa ya kama hanya, ina kaɗe alli daga hannuna, sai na ga ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, don Allah ina da 'yar tambaya, in ba za ku makara ba."

"Haba Adawiyya, yi tambayarki. Ai don haka muka zo."

Ta buɗe littafin a kan tebur, ta nuna misali na huɗu cikin shidan da na bayar: (x² − 9)/(x − 3). A ƙasansa an rubuta amsata, asimtot a x = 3.

"Wannan ne ya ɗan rikita ni, Malam. Ni da na gwada shi ɗazu, ban sami asimtot ba."

Na yi murmushi irin wanda nake yi wa yara idan sun ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne. Na ce, "Sa uku a ƙasa. Me kika samu?"

"Sifili."

"To, shi ke nan."

"Na sama ma sifili ne, Malam."

"Ba ruwanmu da na sama."

Ba ta yi gardama ba. Ta ciro kalkuleta daga jakarta ta ajiye a gabana, ta ce, "Ko za ku gwada mini da 2.9? Wataƙila ni ce nake dannawa ba daidai ba."

Na karɓa da niyyar nuna mata yadda amsar za ta kumbura. Na danna, sai ga 5.9. Na ce bari mu matsa kusa. Na sa 2.99, ya ba ni 5.99. Na tsallaka ɗaya gefen na sa 3.01, ya ba ni 6.01. Babu abin da ya harba sama, babu abin da ya nutse ƙasa. Lambobin suna ta matsowa wajen shida cikin natsuwa, kamar masu shiga sahu.

Abin da na fara cewa, kuma har yau ina jin kunyarsa, shi ne, "Batirin kalkuletar nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Da hasken rana take aiki, Malam."

Ta ɗauki guntun alli, ta ce in ba ta izini. Ta rubuta a gefen allo cewa x² − 9 daidai yake da (x − 3)(x + 3). Wannan abu ni na koya mata shi da bakina. Ta soke x − 3 na sama da na ƙasa, ya rage x + 3. Ta ce, "Kun ga miƙaƙƙen layi ne kawai. A kan uku ɗin ne dai babu amsa, sai a bar ɗan rami a wurin. Dakta ya ce sai an fara warware na sama da na ƙasa. Abin da ya soke, rami ne. Abin da ya rage a ƙasa yana ba da sifili, shi ne asimtot. Ya faɗa a ƙarshen darasin ranar."

A ƙarshen darasin ranar. Na san inda nake a lokacin.

Ina tsaye ina kallon allon, sai wani abu ya faɗo mini a rai. Shekarar da na koyar da yarinyar nan, ni na cike mata katin sakamako, kuma na tuna abin da na rubuta da jan biro: "Ba ta da kan lissafi, ta ƙara ƙoƙari a sauran darussa." Ban sani ba ko ta tuna. Ban tambaya ba. Ta goge allon tas, yadda ko mai shara ba zai ga abin da ya faru ba, ta ce, "Na ga gara in faɗa muku ku kaɗai." Ta yi mini sallama ta tafi.

A kan babur, daga Daura zuwa Sandamu, na yi ta shari'a da kaina. Wata zuciyar ta ce in yi shiru. Wa ya san ma tambayar za ta fito? In ta fito suka faɗi, kowa zai ce Dakta ne ya tsananta. Wata kuma ta ce mutum tara sun rera ƙarya da baki saboda sun yarda da kai. Na iso gida ban yanke hukunci ba.

Hadijatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ba ta labari, ina ta kewaye-kewaye, ina cewa akwai wani ɗan bambancin fahimta tsakanina da wata ɗaliba.

Ta ce, "Wa ke da gaskiya?"

"Abin ba haka ake duba shi ba."

"Baban Rauda, wa ke da gaskiya?"

"Ita."

"To ka gaya musu mana." Ta ci gaba da tankaɗenta. Can kuma ta ƙara da cewa, "Ka ce har waƙa ka sa suka yi?" Ta juya baya, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa.

Da safiyar Lahadi na zauna da waya zan rubuta saƙo a zauren ajinmu na WhatsApp. Na farko da na rubuta cewa ya yi, "Ga ƙarin bayani ga masu son zurfafawa." Na goge. Na biyu ya ce, "An samu sabon bincike kan asimtot." Na goge wannan ma, don ko ni ban yarda da shi ba. Na uku na ɗora laifin a kan saurin Dakta. Sai a na biyar na rubuta abin da ya faru: ƙa'idar da na koya muku ba ta cika ba, misali na huɗu kuskure ne, Malama Adawiyya ce ta gyara mini, ga yadda ake yi. Na ɗauki hoton aikin na tura, na kife wayar a kan tabarma kamar za ta cije ni.

Da na ɗaga, amsoshi sun shigo. "Allah ya saka da alheri, Malam." "Mun gode." Wani ya turo hoton fuska mai dariya har da hawaye, sannan ya goge, amma na riga na gani. Na ƙirga waɗanda suka karanta, tara. Saura Ikrima. Ƙaramar waya gare shi, ba ya zauren. Na kira sau huɗu, a kashe.

Na san inda yake. Ranar kasuwar Mai'adua ce, kuma mahaifinsa dillalin dabbobi ne, duk ranar kasuwa yana kara, wato kasuwar dabbobi, yana taya shi. Ikrima shi ya fara tsayar da ni a gaban aji. Na ga idan kowa ya tsira shi ya faɗi, ban kyauta ba. Na tayar da babur da hantsi, na ratsa Daura na miƙi hanyar Mai'adua, rana tana dukan ƙeyata, motocin shanu suna tura ni gefen titi. A hanya har na fara jin daɗin kaina. Na ce malamai nawa ne za su yi wannan tafiyar saboda ɗalibi ɗaya? Na shirya jawabin da zan yi masa a kan amanar ilimi.

Na same shi a layin tumaki, riƙe da igiyar wani ƙaton rago, ana ciniki. Da ya gan ni ya zaro ido.

"Malam! Lafiya? Rago za a saya?"

"Ba rago ba. Ikrima, abin da na koya muku ranar nan a kan asimtot, akwai gyara. Ka cire shi daga kanka."

Ya sosa ƙeya. Ya dubi ragon, ya dube ni.

"Wanne ke nan, Malam?"

"Na ƙasa ya zama sifili. Wanda muka maimaita."

"Wallahi Malam, kada in yi muku ƙarya, ranar daga kasuwar ƙauye na taho, a gajiye nake. Bakina dai yana bin na mutane. Ban rubuta komai ba. Na ma yanke shawarar in tambayar ta fito in tsallake ta."

Na tsaya cikin rana da kashin tumaki, jawabina na amanar ilimi yana narkewa a ciki. Duk cikin waɗanda suka rera, mutum ɗaya ne kuskurena bai shiga kansa ba, kuma shi na biyo har bakin iyaka.

Tunda na riga na zo, na ce ya miƙa wa wani igiyar. Muka koma inuwar wata bishiya, na sami kara na share ƙasa. Na rubuta masa misalai biyu, mai asimtot da mai rami. Wannan karon na fara da warware na sama da na ƙasa, na sa shi ya soke da hannunsa, na sa ya gwada lambobi a wayata ya ga bambancin da idonsa. Wani dattijo mai sanda ya tsaya a kanmu yana kallon zanen, ya tambayi Ikrima ko ƙasa nake bugawa. Ikrima ya ce a'a Baba, malaminmu ne. Dattijon ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma bai tafi ba sai da ya ga ƙarshen abin. Cikin rabin sa'a Ikrima ya gane. Mahaifinsa ya aiko mana da fura. Na ce na gode, ruwa kawai zan sha.

Ranar Litinin tambayar ta fito, ita ce ta biyu: a nemo asimtot na tsaye na (x + 1)/(x² − x − 2). Da na gan ta sai da na yi hamdala a fili, mai tsaron jarrabawa ya harare ni. Na warware na ƙasa ya zama (x − 2)(x + 1). Na soke x + 1. Asimtot a x = 2, rami a x = −1. Minti uku ya isa.

Amma ban bar ta ba. Na gwada 1.9, na gwada 1.99, na gwada 2.01. Na koma wajen ramin na gwada ta dama da ta hagu. Na zana hoton da rula, na ga bai yi kyau ba, na sake zanawa. Na rubuta bayani rabin shafi kan bambancin rami da asimtot, wanda ba wanda ya tambaye ni. Ina cikin ƙawata ɗan da'irar ramin aka ce saura minti arba'in. Tambayar maki biyar ce. Akwai guda uku a gabana masu maki ashirin-ashirin, ko karanta su ban yi ba. Na yi biyu a guje, ta ƙarshe kuwa lambarta kawai na rubuta aka karɓe takarda.

Bayan mako shida aka liƙa sakamako. Na bari sai da mutane suka ragu sannan na matsa. Adawiyya ta sami A, ita kaɗai a ajin. Ikrima ya sami C. Na gangara da yatsa zuwa lambata, ni ma C. Na sake bi a hankali ko yatsana ya zame layi. Bai zame ba.

Ikrima ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, yana ta murna. "Malam, ni da ku maki ɗaya! Wallahi sai na gaya wa Baba." Na ce ya gaishe shi.

Ina shirin tafiya na ci karo da Dakta Yazid a baranda. Ya ce, "Malam Mahdi, amsarka ta tambaya ta biyu, ban taɓa ganin irinta ba. Na so in ba ka fiye da biyar, babu hali. Me ya faru da ta ƙarshe?"

Na buɗe baki zan ce lokaci ne ya yi kaɗan. Sai na ji kaina ina cewa, "Dakta, ko da an ba ni kwana guda ba zan iya ta ba. Tun daga mako na shida ban gane abin da ake yi ba."

Ya dube ni, ya duba agogonsa. Ya ce yana da minti ashirin kafin ya shiga wani aji, in ina so. Muka shiga ofishinsa, ya jawo farar takarda ya fara rubutu. Bai kai layi na uku ba na ce ya dakata, ya koma na farko.